Yadda aka cire hannu daga tiya a kasuwarmu

Shekarun baya, can lokacin da nake ɗaga buhun hatsi in aza a kafaɗa ba tare da na yi nishi ba, ni mai awo ne a kasuwar Agiye. Wanda ya san ni yau, da jaki da amalanke ya san ni, ina kwasar kayan mutane daga tasha zuwa cikin gari. Yaran da ke da butik, wato shago, bakin hanya Baba mai amalanke suke ce mini, ba su san na taɓa zama bisa tabarma mutane suna tsugune gabana suna jiran in juyo gare su ba. Kwanan nan ɗaya daga cikinsu ya rubuta a wannan shafi cewa garinmu ya ci gaba, kasuwa ta buɗe, kowa na samu. Ban yi mishi gardama ba. Ni ban yi nisa a lakol, makarantar boko, ba, da na iya haɗa baƙi aka cire ni. Amma akwai abin da na gani da idona, zan faɗe shi yadda na iya. In rubutun ya karkace, ku karanta shi a karkace.

Awo wajen mahaifiyata na gaje shi. Ita ce Korama a kasuwarmu, wato babbar masu awon hatsi, tun kasuwar ba ta wuce 'yan rumfunan kara ba. Da idonta ya fara dushewa ta miƙa mini tiyarta da wurin zamanta ƙarƙashin wani tsohon gawo. Tiyar ta sha hannu har fentin bakinta ya goge, amma duk wanda ya zo daga ƙauye ya san ta.

Mai awo ba shi da hatsin kansa. Manomi ya kawo, mai saye ya zo, kai kana tsakiya, a ba ka la'adarka. Ga yadda muke yi, don na san yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Ka cusa tiya cikin tarin hatsi da hannun dama ka ɗago. Hannun hagu kuma ka kafa shi a gefen bakinta kamar katanga, hatsi ya hau ya yi tozo ya jingina da tafinka. Sai ka juye duka, har da abin da hannun ya tallafe. Shi ne awo da hannu. In an gama ka ɗebo gyara ka ƙara. Abin da ya zube ƙasa kuwa ba naka ba ne, ba na mai hatsi ba ne, na tsofaffin matan nan ne da ke zuwa da faifai bayan la'asar suna tankaɗe rairayi.

Ba wanda ya taɓa cewa an cuce shi. Manomin da aka auna nashi da hannu da kaka, shi ne zai dawo da bazara in rumbu ya ƙare a auna mishi da hannu. Bafulatanin da ya sayi hatsi da hannu, matarsa za ta ƙara maka ludayin nono ba ka roƙa ba. Ranar da Inna ta zaunar da ni bisa tabarmar, hannuna na hagu ta kama ta ce, "Na dama naka ne, da shi kake ci. Wanga kuwa na wanda ke tsugune gabanka ne, ko wane ne." Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana. Wannan ita ce mafi tsawo da na riƙe.

Akwai wani ɗan kasuwa a garinmu, zan ce mishi Alhaji kawai. Ba baƙo ba ne, a unguwarmu aka haife shi, Inna ta sha ba shi fura yana yaro. Da gyaɗa ya yi arziki lokacin da gyaɗa ke riƙe da ƙasar nan. Da gyaɗa ta mutu ya gina mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ta siminti bakin hanya ya koma hatsi. Shekarar da ta gabaci babban farin, damina ta yi rabi-rabi, an dai samu abin da aka samu. Mutane na bukatar kuɗin haraji da na biki da na tufafi, suka fito da hatsi, shi kuma ya buɗe buhuna. Ni na auna mishi. Na auna a Agiye, na bi kamyonsa, babbar motar kaya, zuwa Cadawa da Gazawa na auna, kowace tiya da hannu da tozo. Har murna nake yi. A kakar nan na yi aure, na sayi rediyo mai jakar fata ina rataya shi a reshen gawo, ina jin kaina wani abu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me mutum ɗaya zai yi da wannan uban hatsi ba.

Sai damina ta zo kamar ba ta zo ba. Muka yi binne, muka zuba iri cikin busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa, ya ƙone a ciki. Aka yi yayyafi muka sake shuka, ta fito kamar gashin jariri, iska ta kwantar da ita. Kafin lokacin kaka gari ya canza. Teloli suka rufe kekunansu da zane, mai shayi ya daina hura wuta, maƙeri ya koma saran icce. Samari suka tsallaka kudu, wasu gidajen ma ƙaya aka ja aka toshe ƙofa aka tafi gaba ɗaya. Fulani suka gangaro daga arewa da shanun da ba sa iya korar ƙuda. Mahauta kaɗai ke aiki, nama ya fi hatsi araha. Mata na shiga daji neman abincin yunwa irin su jiga da anza, wasu har gidan tururuwa suke tonawa. Manomi ya daina kawo hatsi kasuwa, don babu. Duk ƙwayar da za a auna a Agiye daga mangazar Alhaji take fitowa. Mu masu awo da muke tsakanin mutum da mutum, muka wayi gari yaran mutum ɗaya ne.

Wata safiya ya aiko a kira mu. Muka same shi bisa kujera a ƙofar mangaza, ga ɗan tarin hatsi bisa tabarma, ga wasu gajerun katakai da aka fere sumul. Ya ɗauki tiya da kansa ya cika, ya ɗauki katako ya shafe bakinta, tozon ya zube. Ya ɗaga mana ita kamar mai nuna wa yara allo.

"Daga kasuwa mai zuwa haka za a yi awo. Hannun hagu a bar shi bisa gwiwa. Gyara babu. Abin da ya zube a share a maido."

Ni bakina bai iya zama ba, tun ina yaro haka nake.

"Alhaji, hatsin nan ni na auna shi ya shiga mangazar nan. Da hannu ya shiga."

"Na sani, ɗan Korama. Na kuma sallame ka."

"To da hannu ya kamata ya fita."

Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da na fi jin daɗi. Ya ce a birni ma haka ake yi yanzu, ga wahalar mota, ga ɓera, ga ƙwaro. Ya ce in aka ci gaba da tozo hatsin ba zai kai damina ba, ragewar da zai yi taimakon jama'a ne, don kowa ya samu.

Na ce, "In don jama'a ne, tunda tiya ta rage, farashinta ma ya rage."

Ya yi dariya ya juya ga sauran. "Kun ji ango. Aure ya mai da shi alƙali." Suka yi 'yar dariya don shi ya yi. Ya miƙo mini katako. "Awo aka ce ka yi. Riƙe."

Na karɓa don girmansa. Da na fito na cilla shi bayan katanga.

Da muka koma ƙarƙashin gawo sai bakin kowa ya buɗe. Wanda ya fi kowa zafi abokina ne, wanda tabarmarsa ke manne da tawa. Tare aka yi mana kaciya, shi ne kuma babban abokin ango a bikina. Ya ce wannan ba awo ba ne, sata ce da rana tsaka, shi ba zai shafe tiya a gaban matar da ta san uwarsa ba. Shi ne ma ya fara cewa mu kife.

Kife tiya ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. In mai awo ya rasu, kasuwar da ta biyo baya duk mukan kife tiyoyinmu bisa tabarma har a yi mishi addu'a, kuma duk gaggawar mai saye ba zai ce a auna mishi yana ganin gindin tiya a sama ba. Abin kunya ne. Muka yi alkawari ranar kasuwa kowa zai zo ya zauna wurinsa ya kife, har sai an janye katako. Muka shafa fatiha a kai.

Na je gida na gaya wa Inna. Tana zaune bakin ɗakinta tana tsince ganyen da matata ta samo daga daji. Ta ce a zamaninta ma wani baƙo ya taɓa zuwa da irin wannan, suka kife, kafin azahar masu saye da kansu suka ɗaure mishi buhunansa suka raka shi bakin gari. "Gari ba ya yarda," in ji ta. "Ku dai ku zauna." Na tashi daga gabanta da ƙarfin zuciya. Abin da ni da ita ba mu tuna ba, ita a shekarar ƙoshi ta kife tata.

Ranar kasuwa tun rana ba ta yi zafi ba mutane suka cika filin hatsi, daga ƙauyukan da ke kewaye, wasu a ƙafa tun asuba. Ƙwarya, tsohon buhu, bakin zane, kowa da abin da zai tara. Yaran Alhaji suka jera buhuna. Mu kuma muna zaune a layi, kowa tiyarsa a kife gabansa. Da mutane suka gani suka yi cirko-cirko, wata tsohuwa har ta tambaya wa ya rasu. Na miƙe na yi bayani da ƙarfi, na ce ga abin da ake so a yi muku, mu kuma mun ƙi. Wasu suka girgiza kai, wasu suka ce Allah ya isa. Na ji daɗi. Na duba wajen Alhaji, yana zaune cikin inuwar kamyo da carbi, ko kallonmu bai yi ba. Bai aiko ba, bai nemi sulhu ba, bai kira jandarma ba. Jira kawai yake yi. Shi kam ya karya kumallo.

Rana ta ɗaga. Wata mata da goyo ta matso ta tsuguna gabana ta ce in auna mata. Na ce, "Baiwar Allah, don ke muke yi. Tiyar da za a ba ki yau ba cikakkiya ba ce."

"Na ji tun ɗazu," ta ce. "Na baro ɗiya da ruwa bisa murhu, na ce musu tuwo ne bai nuna ba. Kai kana nan kana yi mini wa'azin hannu. Auna mini ko da murfin kwalba ne."

Na bar tiyar a kife.

Sai ga Baffa. Bafulatani ne, aminin mahaifina tun yana da rai. Kowane rani a gonarmu yake sauka da shanunsa su zuba mana taki, mu ba shi damin hatsi. A shekarar nan garken ya ƙare a hanya, saura saniya ɗaya, ita ma da safiyar nan ya ja ta ya kai wa mahauta. Igiyarta na naɗe a hannunsa. Ya tsuguna ya buɗe bakin jakarsa ya ajiye gabana, kamar yadda ya saba tun zamanin Inna.

"Ɗan amini, auna mini."

"Baffa, ka yi haƙuri zuwa azahar. Zai sauko. In ya sauko da hannu zan auna maka, har da gyara."

Ya dubi tiyar, ya dubi rana. "Ruga da nisa. Mata na can ba su hura wuta ba." Sannan ya ce, "Ban sai da nagge don in zo in kalli gindin kwano ba."

Bai rufe baki ba sai na ji ƙarar. Duk mai awo ya san ta, ƙarar bakin tiya in ya shiga cikin hatsi. Kusa da ni ta fito. Na juya. Abokina ne, kansa a sunkuye, tiya a hannu ɗaya, katako a ɗayan. Ashe shi bai yar da nashi ba, cikin aljihu ya zo da shi.

Filin ya tashi gaba ɗaya kamar an watsa wa kaji tsaba. Aka yi kansa, har ana taka mini tabarma. Na kusa da shi ya ga haka ya juya tashi tiyar, na gaba ma haka. Kafin a kira azahar ni kaɗai na rage. Baffa ya naɗe jakarsa ya miƙe, ya dafa kaina, ya tafi ya shiga layi. Matar nan mai goyo da ta samu nata ta biyo ta gabana, ta ce wa ta kusa da ita da ƙarfi don in ji, "Wannan gidansu akwai rumbu, shi ya sa." Wani kuma ya ce, "Ango, gindin kwano amarya za ta dafa maka yau?" Aka yi dariya. Mutanen da na zauna dominsu ke nan. Na zauna har la'asar, ba don ina sa ran wani abu ba, don ban san yadda zan tashi ba. Tsofaffin mata masu faifai suka zo, yaran Alhaji sun riga su da tsintsiya.

Alhaji bai ce mini komai ba. Kasuwar da ta biyo na zo da tabarmata na tarar an jibge buhunansa ƙarƙashin gawo, daidai wurin Inna. Aka ce wuri ne ya yi musu kaɗan. Na je wajen mai kula da kasuwa, na tarar da buhu sabon ɗinki jingine a zaurensa. Ya ce zamani ne, in je in ba Alhaji haƙuri. Ban je ba. Na ɗauki tiya na bi kasuwanni, Cadawa, Gazawa, har Cadakori na kai a bayan wata mota. Ko'ina katako ya riga ni isa, labarina ma ya riga ni. "Kai ne mai kifewa?" Masu hatsi ba sa son mai kifewa, masu saye kuma ba su da hatsin da za su ba ni in auna.

Na taɓa tare abokina a hanyar masallaci. Na ce, "Kai ka ce mu kife." Ya ce, "Ni na ce." Na ce, "Mun shafa fatiha." Ya ce, "Ɗiyata ta daina kuka, mutumina, kuma ba don ta ƙoshi ba. In kana da abin da za ka ba ta, ba ni, in je in kife har kaka." Ba ni da shi. Muka shiga muka yi salla a sahu ɗaya.

Rediyo ya tafi. Akuyar matata ta tafi, kwanonin aurenta suka bi ta. Inna ta fara cewa ba ta jin yunwa, tana tura nata ga matata saboda ta lura matar tawa na da ciki. Ranar da na ga Inna ta miƙe za ta yi alwala ta dafa bango ta koma ta zauna, na ɗauki bargona na sayar, na ɗauki jaka na tafi filin hatsi na shiga layi. Layin abokina, don yanzu shi ke zaune ƙarƙashin gawo, gefen buhunan.

Da na iso gabansa na tsuguna kamar kowa. Bai ɗago kai ba. Ya cusa tiya, ya ɗauki katako, ya saci kallon Alhaji. Alhaji ya juya baya yana magana da direba. Sai abokina ya saki katakon bisa cinyarsa, ya kafa hannun hagu, hatsi ya hau ya yi tozo, ya juye mini cikin jaka da sauri yana karewa da hannun riga.

"Tashi," ya ce a hankali. "Tashi ka tahi."

Wata dattijuwa ce a bayana, ta gani sarai, ta matso ta tsuguna. Ina tsaye ina ɗaure jaka ya cika tata ya shafe bakin tas. Ni jarumin da ya yini cikin rana saboda hannu, ƙulle bakin jakata na yi da kyau, na ce, "Na gode."

A gida Inna ta ce in miƙo mata. Ido babu, amma hannu na nan. Ta ɗaga jakar ta jijjiga, ta juye cikin ƙwarya, ta nutsa yatsu. Fuskarta ta washe, rabon da in ga haka tun bikina.

"Wanga da hannu anka auna shi. Sun maido?"

Da na iya ƙarya da na bar ta a haka. Na gaya mata yadda aka yi.

"A ɓoye?"

"A ɓoye, Inna."

"Na bayanka fa?"

"An shafe."

"Ka yi godiya?"

"Na yi."

Ta daɗe tana juya hatsin da yatsu. "Shekara da shekaru ina sa hannu, ba wanda ya taɓa yi mini godiya, ban kuma jira ba. Nashi na ba shi. To yanzu ya zama sadaka." Ta tura ƙwaryar wajen matata. "Ɗauki ki surfa. Kada ki zubar da dusar." Aka dama kunu muka sha, ita ma ta sha. Daga ranar ba ta sake tambayata labarin kasuwa ba har ta bar duniya.

Ruwa ya dawo. Hatsi ya dawo, har aka yi shekarar da rumbuna suka kasa ɗauka. Na ce to, yanzu hannu zai dawo. Bai dawo ba. Manomin da aka shafe wa tiya lokacin yunwa, da ya kawo nashi ya ce shi ma a shafe, kuma wa zai ce ba shi da gaskiya? Mai nono ta daina ƙara ludayi. Daga nan aka wuce katako. Yau mai hatsi tiya biyu gare shi, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa, wata ma an buga gindinta ya shige ciki. Kowa ya sani, kowa na zagi, kowa na yi. Mai saye na zuwa da tashi tiyar daga gida kamar mai zuwa faɗa da sanda.

Alhaji ya gina masallaci. Da ya rasu gari ya cika, aka yi ta faɗin shi ya riƙe Agiye lokacin fari, ba don mangazarsa ba da an mutu. Wataƙila ma gaskiya ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan. A masallacin nake salla, shi ya fi kusa da gidana. Baffa bai sake riƙe sandar kiwo ba, gadin mangazar nan ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Abokina shi ne babban masu awo yanzu. Muna gaisawa. In yana da kaya ni yake kira in ɗauka, yana kuma ba ni fiye da yadda ake bayarwa, ina karɓa. Ban taɓa ce mishi na yafe ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ba na gaya muku wannan don ku yaba mini. Na zauna cikin rana na hana mayunwata awo rabin yini, ban ƙara wa kowa ƙwaya ɗaya ba, na rasa wurin uwata. Iyakar abin da na yi ke nan. Abin da na gane kawai, kunyar da muke taƙama da ita a kasuwa, tana aiki ne lokacin da kowa ke da ɗan abu a rumbunsa. Kuma abin da aka cire mana da sunan wahala, da wahalar ta wuce ba wanda ya maido shi. Yaron nan mai butik bai yi ƙarya ba, akwai kwalta, akwai shaguna, motoci na shiga na fita, kaya sun cika gari. Ni da nake ɗaukar kayan na fi shi sanin nauyinsu. Amma a duk kasuwar nan babu wanda zai yarda ya juya baya ana auna mishi.

Tiyar Inna tana nan wajena. Da ita nake fitar wa matata hatsin yini kowace safiya kafin in ɗaure jaki. Har yau in na cusa ta cikin buhu, hannun hagu shi ke kai kansa, ba na sani. Rannan matata tana tsugune da ƙwarya tana kallona ta ce, "Maigida, daga buhunka zuwa tukunyarka, wa kake ƙara wa? Buhun dai kake saurin ƙararwa."

Na ce ta riƙe ƙwaryar da kyau. Ita ce ke tsugune gabana.